Sarƙar da Ban Juya Ba

Laraba, 3 ga Satumba, bayan azahar

Alice, abokiyar aikina, ita ta ba ni littafin nan, ragowar na awon ciki. Ta ce, "Selina, tunda kin daina magana, rubuta." Ban ga abin rubutawa ba. Ruwa ya zo ranar Lahadi, shi ke nan. Wasu sun ce daga sama, wasu sun ce daga dam, ni dai a asibiti ya same ni. Makarantar firamare ta cika da mutanen fadama. Gudawa, ciwon ƙafa, yara masu tari. Muna ba da abin da muke da shi.

Ɗakina bai jiƙa ba. Gwangwanayena suna nan kan kwaba yadda na bar su. Sarƙa biyu ce kawai ke waje.

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi

Bari in rubuta zancen sarƙoƙin, shi kaɗai kaina ke iya riƙewa.

Shekara ashirin ke nan da 'yan kai ina tara kayan ado na da a Goronyo. Babu zinariya ko ɗaya a ciki. Gilashi ne da tagulla da aka yi wa ruwan gwal, irin wanda matan Turawa ke sawa su gaji su yar. Na farko wajen wani kuku na saya, wanda ya yi wa injiniyoyin dam aiki, matar maigidansa ta bar masa su cikin gwangwanin biskit da za su koma ƙasarsu. Sauran a gwanjo na tsinto su, maƙale a ƙirjin tsofaffin riguna ko cikin aljihun jaka. Na kirkin, wanda ya ƙera yakan buga sunansa a baya, haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an sa gilashi. Shi ya sa duk abin da aka miƙo mini, kafin in kalli fuskarsa na riga na juya bayansa. Alice ta ce ko cokali aka ba ni sai na juya.

"Tarkacen Sista" mutanen gari ke ce musu, amma in biki ya tashi ƙofata ake bugawa. Mace ta ara, ta yi bikinta, ta dawo da shi ƙulle a tsumma da ɗan abu a ciki, goro ko albasa ko ƙwai. Haka ake yi a nan, ba a maido aro shi kaɗai.

Sarƙa mai koren duwatsu, guda biyu gare ni, iri ɗaya sak a fuska. Ɗaya ta wajen kukun ce, mai suna a bayan ƙugiya. Ɗayar kwaikwayo ce ta kasuwa, bayanta sumul.

Juma'ar da ta wuce Hauwa'u matar Malam Maccido ta zo, za su biki wani ƙauye bayan Boyekai, bakin fadama. Hauwa'u ce ta fara kawo mini tuwo a garin nan, lokacin da ko sunana ba wanda ya sani. Ko zama ba ta yi ba.

"Ba ni mai sunan," in ji ta. "Waccan cin wuya takai, kin sani."

Na sani. Bara da ta sa kwaikwayon, wuyanta ya yi ƙuraje har mako biyu, ni na rubuta mata man shafawa.

Da la'asar Kyauta matar Mainasara, maƙwabciyar Hauwa'u, ta leƙo tana rufe wushiryarta da bakin gyale. Biki ɗaya za su. Na ba ta ta biyun. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, maigidanta ba ya son aro, sai sun isa can za ta sa ƙarƙashin mayafi.

Su biyun ba a gan su ba tun Lahadi.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Malam Maccido ya zo asibiti tare da wani dattijo, Malam Abubakar, manomin shinkafa daga wajen Wurno. Ina cikin ɗaure wa wata yarinya ƙafa. Suka tsaya a baranda har na gama.

Dattijon ya ce jiya da safe suka sami abin da suka samu a ƙarshen gonarsa. Mace ce. Ya ce babu abin dubawa a fuska, ba su iya jira ba, sun yi mata sutura sun yi mata salla nan take. Matan da suka yi wankan su suka cire mata sarƙa a wuya. Wata da ta je bikin ta ce ta gan ta a wuyan Hauwa'u, shi ne aka nuna masa gidan Maccido.

Ya miƙo farar leda. Laka ta bushe a jikinta, amma ana ganin koren.

"Sista, dibi wagga," in ji Maccido. "Taki ta?"

"Tawa ce."

"Ita kinka ba uwar Hassana?"

Yana tsaye gabana, idonsa kamar an zuba barkono, kwana biyar bai yi barci ba. Na ce, "Ita ce."

Ya ce Inna lillahi. Ya gode mini. Ya ajiye ledar kan benci, suka tafi.

Ban buɗe ledar ba. Ban juya ta ba.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Na sa ledar bayan gwangwanaye. Na sha shayi.

Lahadi, 7 ga Satumba, ƙarfe biyu

Na je coci. An yi addu'a domin waɗanda ruwa ya shafa. Bakina ya bi waƙa, ban san wace ce ba.

Na je gaisuwa gidan Maccido. Mata cike da tsakar gida. Hassana, babbar 'yar Hauwa'u, ta kwanta a cinyata tana kuka har zanena ya jiƙe. Ina shafa mata baya ina kallon turmin Hauwa'u, na lura ya tsage a gindi. Abin da na lura da shi ke nan. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba.

Talata, 9 ga Satumba, da la'asar

Mainasara ya zo kan mashin ɗinsa, laka har gwiwa. Kullum da asuba yake fita. Yana bin makarantu da masallatai, duk inda aka ce an sauke mutanen fadama, yana tambayar Kyauta.

"Sista, ba a kawo kowa ba yau?"

"Ba a kawo ba, Malam."

"To. Na tahi Marnona, ban ishe ta ba. Gobe Wurno." Ya yi ɗan murmushi. "Ta iya ruwa, kin sani. Bakin gulbi anka haihe ta. Tana nan wani wuri tana jin haushina ban zo da wuri ba."

Na ba shi ruwa ya sha. Ya yi mini ta'aziyyar Hauwa'u, ya ce ya san yadda muke.

Laraba, 10 ga Satumba, da safe

Sarƙoƙin biyu ne. Na san biyu ne tun a barandar. Ban manta ba, bakina ne ya riga ni.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe biyar

Na sauke gwangwanin 'yan kunne na goge su da busasshen buroshin haƙori, ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa musu ruwa. Bayan kowane dutse akwai 'yar farar takardar ƙarfe, ita ke sa shi walƙiya, in ruwa ya shiga sai ta yi baƙi, dutsen ya mutu, kuma ba ya dawowa. Na goge, na juya, na karanta sunayen da na riga na haddace. Na nannaɗe kowanne a auduga na mayar cikin ambulan ɗin magani.

Ledar tana nan inda take.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan la'asar

An yi sadakar bakwai. An aiko mini da waina.

Da yamma Maccido da kansa ya zo ƙofar gida, ya yi sallama daga waje. Ya rame, amma fuskarsa ta kwanta. Yana riƙe da 'yar ƙwarya.

"Ranar nan na aje maki kayanki hannu banza," in ji shi. "Da tana nan da ta yi man hwaɗa. Ƙwan zabi takan sa maki, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam."

"To ga shi. Aronta ya dawo."

Guda bakwai ne. Ya ce Malam Abubakar ya kai shi ya ga kabarin, ƙarƙashin wata bagaruwa, tudu ne, ruwa ba ya kaiwa. Ya ce tun da ya gani ya fara samun barci. "Wanda bai san inda nashi yake ba shi ad da wahala, Sista. Dibi Mainasara."

Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu na yi godiya.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Na buɗe ledar.

Duwatsun duk sun mutu, sun koma kamar ruwan kwata. Na kankare lakar da tsinke. Na ɗauko gilashi, ko da yake ba na bukatarsa, yatsana ya riga ya gaya mini. Na juya ƙugiyar.

Sumul.

Asabar, ƙarfe uku

Na sake dubawa a rana. Ba suna. Ba a taɓa buga suna a wurin ba.

Lahadi, 14 ga Satumba, da hantsi

Ban je coci ba. Na ce wa Alice kaina ke ciwo.

Na zauna ina ta neman hanya. Na ce ƙila sun yi musanya a gidan biki, mata suna yi. Amma Hauwa'u ba za ta sa wannan ba ko da kuɗi aka haɗa ta, har yanzu ina jin muryarta tana zagin ƙarfen. Kuma matan Wurno a wuya suka cire ta, ba a ƙullin zane ba.

Wadda ke ƙarƙashin bagaruwar nan ba Hauwa'u ba ce. Na rubuta. 

Litinin, 15 ga Satumba, bayan aiki

Haihuwa biyu yau, duk maza. Allurar ƙyanda ta ƙare.

Mainasara ya wuce ta ƙofar asibiti, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa.

Talata, 16 ga Satumba, da la'asar

Na yi shiri na nufi gidan Maccido. Ledar tana cikin jakata. Na tarar da shi a zaure yana gyaran injin ban ruwa, ya ce in ruwa ya janye zai yi irin albasa, yara ba za su ci kuka ba. Hassana ta kawo mini fura. An wanke kayan Hauwa'u an ninke, ana jiran 'yan'uwanta daga Rabah a raba.

Na tambaye su lafiya, na sha furar, na dawo.

Me zan ce masa? In ce, Malam, barcin da ka fara samu maido shi? Ban san tana raye ba. Abin da na sani kawai shi ne ba ita ce a can ba. In na buɗe baki, mutum ɗaya zai rasa matarsa, ɗayan kuma zai sake rasa tasa, ƙila har ƙarshen ransa bai san inda take ba. In na yi shiru kowa yana da abin da yake riƙe da shi.

Ƙarya nake yi wa littafi. Kunya nake ji. Ni da ke juya cokali.

Laraba, 17 ga Satumba, da safe

Ƙwan suna cikin ƙwarya. Ban dafa ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da safe

Ba komai.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Laraba mai kitso ta zo aron 'yan kunne, sunan jikarta gobe. Duniya ta fara komawa yadda take. Na ce mata na daina ba da aro. Ta kalle ni, ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri, Sista," ta tafi. Ta ɗauka don Hauwa'u ne. Kowa a garin nan yana tausayina, ga abin ban haushin.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan coci

Mainasara ya zauna kan bencin baranda. Yau bai yi murmushi ba. Ya fiddo wata takarda daga aljihu, ta yi laushi don ninki, sunayen garuruwa ne da ajami, ya ja wa mafi yawansu layi.

Ya ce ya je Tursa jiya. An gaya masa wata babbar mota ta kwaso mutane daga bakin ruwa a makon farko, ta sauke wasu a can. Akwai wata mata a cikinsu, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta magana, ba wanda ya san ta. Wasu masu shanu sun ɗauke ta za su yi jinyarta, sun yi gabas da ita.

"Ka bi su?" na ce.

"Na tambaya, anka ce babba ta, ta kai arba'in, kuma ba ta da wushirya. To mi zan bi? Ba tawa ba ta." Ya ninke takardar. "Allah shi sa nata su gane ta."

Na tambaye shi yaushe suka tashi da ita. Ya ce an yi kwana goma.

Da ya tafi na shiga ɗakin allura na rufe ƙofa. Na tsaya ina kallon bango. Kwana goma sha shida ke nan ba wanda ya fita neman Hauwa'u, ko mutum ɗaya, kuma ni na hana.

Litinin, 22 ga Satumba, da asuba

Ƙila ba ita ba ce. Mata masu shekara arba'in sun yi yawa.

Ƙila ita ce.

Litinin, bayan azahar

Na gaya wa Alice. Ta ce, "Sa takalminki." Ta raka ni har bakin zauren Maccido, ta aika a kira Mainasara, ta tsaya a waje.

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa musu ba, sai duk suka daburce. Na shimfiɗa hankici na ɗora sarƙar, na juya ƙugiyar sama. Na faɗi komai da muryar da nake karanta sakamakon gwaji. Sarƙa biyu ce. Mai suna na ba Hauwa'u. Wannan ba ta da suna. Ranar da aka kawo ta ban duba ba, kuma da na duba na yi kwana tara ban faɗa ba.

Maccido ya ɗauka ya shafa bayan da babban yatsa.

"Wagga ita ac mai cin wuya?"

"Ita ce, Malam."

"Ni nis sawo man shafawa, bara. Ba ta sa wagga." Ya ajiye ta a hankali. "To wa kinka ba?"

Ban iya kallon Mainasara ba, tabarma na kalla. Na ce, "Kyauta. Ta ce kada in faɗa, ba ka son aro."

Ana jin akuya tana cin wani abu a bayan zana.

"Kore?" in ji Mainasara. "Ta taɓa ce man tana son kore. Nic ce ta bari sai an sai da albasa."

Ya jawo hankicin gabansa, ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya juya wajen Maccido.

"Ina anka bizne ta?"

"Wajen Wurno. Akwai bagaruwa. Tudu na, ruwa ba ya kai." Maccido ya yunƙura zai tashi. "Zan kai ka."

"A'a. Malam Abubakar zai kai ni. Kai kana da tahiya."

Mainasara ya sa hannu a aljihu ya fiddo takardar nan, ya buɗe, ya nuna wa Maccido Tursa da yatsa, ya gaya masa zancen masu shanun, da sunan mai shagon da ya ba shi labari. Ya ɗora makullin mashin a kai. Ya ce birkin baya ba ya kamawa sosai, ya yi hankali a gangara.

Maccido ya kalle ni sau ɗaya. "Kwana tara, Sista," ya ce. 

Na tashi zan fita, Mainasara ya ce in dakata. Ya laluba ɗaya aljihun ya fiddo goro biyu, fari da ja, ya ɗora kan sarƙar, ya ƙulle hankicin, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Aronta ya dawo," ya ce. "Ki yahe mata, ta ɓata maki duwatsu."

A nan na yi kukan. A zauren mutane, gaban maza, da farin kaya.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

An shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan Mainasara. A gidan Maccido an naɗe.

Laraba, 24 ga Satumba, da la'asar

Na je gaisuwa. Uwar Kyauta ba ta amsa mini ba, kuma tana da gaskiya. Hassana ta tare ni a hanya ta ce, "Sista, Inna za ta dawo?" Na ce ban sani ba. Wannan karon abin da na sani kawai na faɗa.

Kwaikwayon tana cikin gwangwanin biskit ɗin kuku, tare da goron, inda nake ajiye masu suna.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Maccido ya wuce kan mashin ƙarfe shida da rabi. Kwana huɗu ke nan. Bai ɗaga hannu ba.

Ƙwan zabin sun fara wari. Alice ta ce in zubar. Na ce ta bar su, ba nawa ba ne tukuna. Sai Hauwa'u ta maido sarƙata.